Bindigar da Baba Tankari Ya Rataye a Hayaƙi

Jiya wani saurayi daga cikinku ya shigo maƙera yana tura min waya har hanci, wai in taya shi zaɓen abin cire harsashi. Hoto biyu ya nuna min. Ɗaya kamar gudumar roba ta wasan yara, ɗayan kuma kamar bakin famfo. Wai idan an ɗura harsashi ba daidai ba, sai a sa shi a ciki, a buga a ƙasa, dalma ta fito gefe, albarushi gefe, kwanso gefe. Na ce masa madalla, ya sayi duka biyun, ya ƙara da na uku don kwalliya. Sai ya ce, "Baba Salisu, ashe aikin naku ba wuya, cirewa ce kawai." Ban zage shi ba, saboda ina da alwala. Amma raina ya ɓaci, kuma har yanzu bai gama hucewa ba, shi ya sa zan ba ku wannan labari.

Ɗura bindiga kowane sakarai ya iya. A zuba albarushi, a tura tsumma, a zuba dalma, a ƙara tsumma, a daddanna da sanda. Cire abin da wani sakaran ya ɗura, ba tare da ka bar yatsunka a rufin maƙera ba, wannan ita ce sana'ar. Ni a wurin Baba Tankari na koye ta, a nan Zangon Kumasi. Ba'are ne daga wajen Dogonduci, a ƙasar Nijar. Ya zo Kurmi, wato nan ƙasashen kudu, cin rani tun yana saurayi da niyyar komawa da damina, sai damina ta yi ta wucewa ba shi. Gajere ne, baƙi wuluk, hannunsa ɗaya ya fi ɗayan kauri saboda guduma. Maƙerarsa rumfar kwano ce, a gefenta akwai wata Ba'asanta mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan mai tsami da ake naɗewa a ɓawo, da soyayyen kifi, Mame Ajuwa, wadda suka shekara da shekaru suna faɗa a kan hayaƙin wa ke shiga rumfar wa. Tana da wata jar kaza mai wuyan tsiraici da ta ɗauki maƙerarmu gidan ubanta.

Masu kawo mana aiki maharba ne daga ƙauyukan bayan Kwadaso, da masu gadin gonakin koko, da dangin da za su yi jana'izar babban mutum, don Asante ba sa sallamar babba sai an buga bindiga. Yawanci bindigogin toka ne, waɗanda ake ɗurawa ta baki. Kaɗan ne ke da mai harsashin kwali, su kuma sukan tara kwanson da suka harba su kawo a sake cikawa, tun da sabo ba kullum ake samu ba. Na kwali ba ya ba mu wahala. A buɗe bakinsa da tsinken tagulla, a zazzage, shi ke nan. Ta toka ita ce mai ɓoye abin da ta ci.

Kayan cirewa uku ne a maƙerar Baba, kowanne ana ɗaura shi a kan doguwar sanda. Akwai sukuru, mai tsini da zare, wanda ke huda dunƙulen dalma ya kama shi ya jawo. Akwai tsutsa, ƙarfe biyu murɗaɗɗu, ita tsumma da takarda take kamawa. Akwai ƙugiya, ta ƙusoshi da tarkacen da suka gindaya. Idan ka sa tsutsa a kan dalma, za ta daddale ta, ta ƙara cika bututun. Idan ka sa sukuru a tsumma, sai ya yi ta juyi a banza yana tura kaya ƙasa. Idan ka sa ƙugiya ta goga ƙarfe da ƙarfe, ta ba da tartsatsi, to ba sai an yi maka bayani ba. Saboda haka dokar farko a maƙera ita ce ruwa. Kafin kowane ƙarfe ya shiga bakin bindiga, a ɗaure ta a turke, bakinta na kallon katangar ƙasa, a tsiyaya mata ruwa daga buta har albarushin ya mutu. Baba ya fi maimaita mana wannan fiye da yadda ya maimaita mana sunanmu.

Akwai ranar da Opanin Kwaku, wani tsohon maharbi daga Kwadaso, ya kawo bindigarsa ta ƙi tashi. Baba ya tambaye shi abin da ya zuba. Ya dafa ƙirji ya rantse da kabarin kawunsa cewa dalma ce zalla. Baba ya juyo ya ce da ni, "Ɗauko ƙugiya." Na ce, "Baba, ai ya ce dalma." Ya ce, "Shi ya sa." Muka jiƙa ta, muka shiga haƙa. Ƙusoshin takalmi suka fara fitowa, sai ƙafar tukunyar ƙarfe, sai ƙwallayen gindin keke, sai maɓallin soja. Daga ƙarshe ƙugiya ta fito da ɗan makullin akwati. Opanin Kwaku ya kalle shi, ya zauna a ƙasa ya ce, "Ei!" Makullin akwatin matarsa ne, wanda ya ɓace tun bara, har aka kori ƙanwarta daga gidan a kan zargin sata. Ya roƙe mu mu narkar da shi. Baba ya ƙi, ya ce mu maƙera ne, ba masu wanke laifi ba. Daga ranar tsohon ya zama abokin maƙera, ina jin don ya tabbata ba mu kai labarin Kwadaso ba.

Wani mai gadi kuma daga Oforikrom ya taɓa kawo tasa, ya ce tsumma ne kawai ya maƙale. A lokacin akwai wani da ya riga ni shiga koyo, mai gaggawa. Ya tsiyaya ɗan ruwa kamar mai rowa, ya zura tsutsa, ya fizgo da ƙarfi. Ashe mai gadin gishiri da dakakken barkono yake ɗura wa ɓarayin koko. Garin ya tashi ya bi iskar zuga-zugi. Baba ya yi atishawa har hularsa ta faɗa wuta. Mame Ajuwa ta fito da muciya tana hawaye tana zaginmu da Turanci da Asante da Hausa, masu cin dokunu suka watse da kwanukanta a hannu. Kazar nan kaɗai ce ba ta motsa ba. Daga nan na koyi cewa kafin ka zaɓi ƙarfe, sai ka tambayi mai bindiga, ka ajiye amsarsa gefe, sannan ka sansana, ka auna zurfi da sanda, ka girgiza ka saurara.

Yanzu bari in zo kan abin da ya dame ni shekaru. A zamaninmu, yaron maƙera ba ya zama maƙeri sai maigidansa ya yaye shi a gaban mutane. A tara dattawan unguwa, a raba goro, a yi Fatiha, maigida ya miƙa masa ƙarfe ɗaya daga kayan aikinsa ya ce ya sallame shi. In ba a yi haka ba, ko ka iya ƙera jirgin ƙasa, ba maharbin da zai miƙa maka bindigarsa. Za su ce hannunka ɗanye ne. Kowane maigida da irin jarrabawarsa. Ta Baba Tankari tana rataye a bango inda kowa ke gani: wata doguwar tsohuwar bindigar toka da ya zo da ita daga gida, ta yi baƙi ƙirin. Ya ce a ɗure take, shi ya ɗura ta da hannunsa, kuma duk yaron da ke son yaye sai ya fitar da abin da ke ciki, da ƙarfe ɗaya, zaɓi ɗaya, ba canji.

Matsalar ita ce bai taɓa barin kowa ya sauko da ita ba. Duk wanda ya tambaya, amsa ɗaya ce: "Sai bayan Sallah." In ƙaramar Sallah ta wuce, ya ce babba yake nufi. In babba ta wuce, ya ce ai ka makara, ta wuce. Waɗanda suka riga ni duk sun gaji sun koma Magazin, unguwar masu gyaran mota. A Zango har tsokana ake yi, wai Baba Tankari ko akuyarsa bai taɓa yayewa ba. Ni na shiga maƙera ba gemu, gemu ya fito, har ya fara neman almakashi, ina nan ina jiran Sallah.

Ita kuwa bindigar, kowa da abin da ya ce yana cikinta. Masu shan shayi sun ce garin zinari ne. Opanin Kwaku ya ce haƙorin kura ne da aka tanadar wa wani maƙiyi. Malam Isaka, mai makarantar allo da ke bayan maƙera, ya ce aljani ne aka toshe, kuma shi ya taɓa jin yana tari da azahar. Na gaya masa Baba ne ke tarin, ya ce to ai ta bakinsa yake yi. Mame Ajuwa kuwa ta ce babu komai a ciki, tsohon dai ba ya son ya rasa mai hura masa wuta.

Sai shekarar wahala ta zo. A ƙarshen 1969, muna cikin azumi, gwamnati ta fito da doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa, wa'adin kuma gajere. Ni ubana ɗan Salaga ne, a arewacin ƙasar nan, cibiyata a Zango aka binne ta, dokar ba ta hau kaina ba. Baba kuwa takardar da ya sani ita ce wadda ake kunna wuta da ita. Zango ya birkice. Ana fito da gadaje da kekunan ɗinki bakin hanya. Mutanen da ban taɓa jin sun yi wani yare ba sai Hausa suka wayi gari suna gaida juna da Asante. Wani Bazabarme mai sayar da yadi ya yafa zane a kafaɗa irin na Asante don ya saje, ya zo daidai tasha zanen ya zame, ga layunsa reras a damtse. Mun yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Kowace safiya akwai ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ba a amsa.

Aiki kuwa ya yi mana yawa a kwanakin, don duk mai tafiya da ke da bindiga yana so a sauke ɗurinta kafin ya sayar ko ya bar wa maƙwabci. Baba yana aiki kamar bai ji labari ba, har ranar da ya shigo ya ce ya sami wuri a wata lorin goro da za ta bi ta arewa, jibi da hantsi. Na ji tausayinsa, amma gaskiya na ji tsoron kaina ma. In ya hau lorin nan bai yaye ni ba, shekarun nan duk sun tafi a hura wuta, sai dai in nemi kwando in shiga dako a kasuwa. Na durƙusa na ce, "Baba, maganar bindigar fa?" Ko kallona bai yi ba ya ce, "Sai bayan Sallah."

Na ruga na ɗauko Malam Isaka. Opanin Kwaku ma ya zo karɓar bindigarsa, ya shiga maganar. Malam ya ce, "Baba Tankari, ka ji tsoron Allah. Sallar bana a Dogonduci za ka yi ta. Yaron nan ta waya zai sauke maka ɗurin?" Mame Ajuwa ta leƙo ta kan katanga ta ce da Hausarta mai gauraye da Asante, "Papa Tankari, kai mugu paa! Yaro ya yi gemu a hannunka, kai zai tafi ka bar shi haka? Ba ya da kyau koraa." Baba ya dubi bindigar ya ce, "To. Gobe da hantsi. Amma in ya ɓata ta, ban san shi ba."

Da gari ya waye, rabin Zango na bakin maƙera, har da masu ɗaurin kaya da suka bar igiya a hannu suka zo kallo. An kawo goron yaye an ajiye a faranti, ba mai iya taɓawa saboda azumi, sai Opanin Kwaku da ke ta ɗauka yana cewa yana taya mu. Na hau kan uwar maƙera na sauko da bindigar, toka da yanar gizo suka zubo min a ka. Na ɗaure ta a turke. Baba ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya jera sukuru, tsutsa da ƙugiya, ya ajiye buta cike da ruwa a gefe, ya koma ya zauna a kan turmi ya harɗe hannuwa.

Na fara da abin da aka koya min. Na ce, "Baba, me ka zuba a ciki?" Ya ce, "Abin da munka saba zubawa." Na ajiye wannan gefe. Na sansana bakinta, ba ƙanshin albarushi, sai hayaƙi da wani ɗan ƙamshi kamar na zuma. Na zura sandar kara a hankali har ta tsaya, na yi alama, na fito da ita na gwada ta waje. Ɗurin kirki bai wuce faɗin yatsu huɗu ba. Wannan ya kai kamu guda, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Opanin Kwaku ya ga awon, goro ya faɗo daga bakinsa, ya ce wannan ɗurin giwa ne da iyalanta. Kafin ka ce me, taron ya watse. Wasu bayan katanga, wasu cikin kwata, Malam Isaka ya shige bayan tukunyar dokunu yana karatu da ƙarfi, rawaninsa kaɗai ake gani. Mame Ajuwa ta ce daga nesa, "Salisu, bar shi, zo ka sayar da kifi, ni zai koya maka!"

Na ɗauki buta. Dokar farko ke nan, kuma a gaban ɗuri irin wannan ko mahaukaci zai fara da ruwa. Na ɗaga ta zan tsiyaya, sai idona ya faɗa kan Baba. Ya miƙe rabi daga kan turmin, bakinsa a buɗe, idonsa a kan bakin butar, kamar uwar da ta ga ɗanta ya nufi rijiya. Na ɗan karkata butar, ya ƙara miƙewa. Na mayar da ita, ya zauna. Na sake karkatawa, ya sake tashi. Daga bayan katanga wani ya ce, "Wai motsa jiki suke yi ne?"

Sai na ɗaga kai na dubi bango. Inda bindigar ta kwana shekaru ya bar farin zane a cikin baƙin hayaƙi, kuma zanen yana daidai saman wutar maƙera. Baba mutum ne da ya taɓa bina da itacen wuta har bakin masallaci don na ajiye ɗan ƙoƙon albarushi kusa da zuga-zugi. Mutumin da ya yi haka ba zai rataye kamu guda na albarushi a kan wuta ba, ko da an ɗaure shi. Abin da ke ciki ba ya tsoron wuta, ruwa yake tsoro. Na kwance bindigar na girgiza ta kusa da kunne, na ji wani ɗan sassanyan motsi, shuu, shuu, ba irin na dalma ba. Na mayar da ita turke, na ajiye buta. Malam Isaka ya ɗago kai ya ce, "Salisu, ruwan fa? Innalillahi, yaro ya zauce!"

Na tsallake sukuru, na tsallake ƙugiya, na ɗauki tsutsa. Na zura ta har ta taɓa abu mai taushi, na murɗa a hankali, na ji ta kama. Na ja, ta ƙi. Na ƙara murɗawa na ja, sai ga abu na tahowa yana kuka a cikin bututun. Da ya fito, guntun baƙin zane ne na mata, irin na rini, an dunƙule shi da kakin zuma. Bayansa ba abin da ya biyo. Na kwance bindigar, na sunkuyar da bakinta a kan buhu, na ɗan bubbuga gindinta. Sai ga gero yana zubowa, ƙanana, jajaye saboda hayaƙi, ya taru ya yi ɗan tudu.

Masu zinari suka fito daga kwata suna kallon juna. Malam Isaka ya matso ya leƙa bakin bindigar, ko aljanin na baya. Baba ya taso a hankali ya durƙusa gaban buhun, ya ce, "Hatsin gidanmu na. Ran da zan taho Kurmi, inna ta auno irin gayaunata ta ba ni. Ta ce ba mai shuka gonar sai na maido shi, don in koma kahin ruwan hwari. Na rasa inda ɓera ba ya shiga, sai na zuba shi nan." Ya ɗaga guntun zanen ya ce, "Wanga bakin zanenta na." Sannan ya ƙara da cewa ta rasu tun yana shekara ta uku a Kumasi, kuma tun daga nan bai iya buɗewa ba. A nan na gane Sallar da muka yi ta jira, kuma na ji kunyar duk tsokanar da na taya aka yi masa.

To ita kaza ba ta azumi, kuma ba ruwanta da tarihi. Muna cikin wannan jimami, kowa ya sunkuyar da kai, jar kazar Mame Ajuwa ta ratso ta tsakanin ƙafafun Malam ta hau buhun. Kafin mu farga ta ci rabi. Baba ya yi ihu ya kai mata hannu, ta tsallake kansa ta dawo ta ɗaya gefen ta ci gaba. Na yi tsaye da tsutsa a hannu kamar gunki. Baba ya daka min tsawa, "Kai Salisu, mi kake kallo? Kama ta!" Ban san daga ina ƙarfin hali ya zo min ba, na ce, "Baba, ɗanyen hannu ai ba ya kama kaza." Ya ce, "Na yaye ka! Na yaye ka duniya da lahira, riƙe tsutsar, taka ce, kama min kazar ga!" Malam Isaka, Allah ya jiƙansa, bai bari maganar ta huce ba. Nan take ya ɗaga hannu ya ja Fatiha, jama'a suka shafa suna tsalle suna tare kaza. Opanin Kwaku ne ya cafke ta a ƙarƙashin zuga-zugi, maƙoƙonta ya yi tim. Haka aka yaye ni, da gashin kaza a gemu.

Baba ya zauna yana haki, ya dubi kazar, ya dubi ɗan abin da ya rage a buhu, bai fi cikin tafin hannu ba. Sai ya fashe da dariya, ya yi ta yi har hawaye suka zubo, kuma da dariyar ta ƙare hawayen ba su tsaya ba. Ya ce, "Hatsin ya samu takardar zama, ni ban samu ba." Mame Ajuwa, wadda ban taɓa jin ta faɗa masa kalma mai daɗi ba, ta karɓi kazar daga hannun Opanin, ta ɗaure mata ƙafafu da ɓawon masara, ta dangwara masa a cinya. Ta ce, "Papa Tankari, abincin mamanka yana cikinsa. Kai shi gida." Ya ce ba ya karɓar kyautar mai hayaƙi. Ta ce ba kyauta ba ce, kora ce, kazar ma ba ta da takarda.

Washegari muka raka shi tasha. Lorin ta cika har sama, mutane a kan buhunan goro, tabarmi da tukwane a rataye ta ko'ina. Bai ɗauki guduma ko ɗaya ba, ya ce ƙarfe nauyi gare shi, kuma yanzu akwai maƙeri a rumfar. Buta ya ɗauka, da bargo, da guntun zanen nan a aljihu, da kaza a hammata. Na tattara ragowar geron a ƙulle na miƙa masa. Ya karɓa ya jujjuya shi, sai ya mayar min a hannu ya rufe yatsuna a kai. Ya ce, "Maida shi cikin bindigar, ka toshe da kaki, ka rataye inda take. Kak ka bari ruwa ya taɓa shi. Ina zuwa in amsa kahin ruwan hwari." Mame Ajuwa ta ce masa nante yie, wato ya sauka lafiya, tana share ido da bakin zane tana cewa hayaƙin lori ne. Motar ta tashi, abin da na gani na ƙarshe shi ne jan kan kazar yana leƙowa ta gefen bargo.

Shekarar da ta biyo baya ta yi mana tsanani. Zango ya zama rabi, masu kawo aiki sun ragu, na yi watanni ina ƙera maganin ɓera da murhun gawayi don in ci abinci. Amma ran da Opanin Kwaku ya shigo ya miƙa min bindigarsa da hannu biyu ya ce, "Masta Salisu, dalma ce zalla," na san na zama maƙeri. Na miƙa hannu na ɗauko ƙugiya.

Daga baya wani mai fataucin goro ya kawo labari cewa Baba ya isa gida, kazar ma ta isa, har ta yi 'ya'ya ana ce musu 'yan Kumasi. Geron da ta ci kuwa, ina jin tun kafin Tamale ta sauke shi a kan kayan wani. Bayan wannan ban sake jin labarinsa ba.

Ni na yaye yara da yawa, kuma ban taɓa cewa kowa ya jira Sallah ba. Saurayin nan na jiya, da ya gama nuna min hotunansa, ya ɗaga kai ya ga baƙar bindiga rataye a saman wuta. Ya ce, "Baba, wannan fa, a ɗure take? Da wanne za a cire?" Na ce a ɗure take, kuma ba a cire ta da ko ɗaya. Ajiya ce, mai ita ya ce yana zuwa kafin ruwan fari.